Me Ya Sa Matsin Iska Ke Raguwa a Kan Tudu? A Koyar da Dalili Kafin Hadda

A cikin littattafan kimiyya da na labarin ƙasa da ake karantawa a makarantun sakandare akwai wata jimla wadda da wuya a sami ɗalibin da bai haddace ta ba, watau cewa matsin iska yana raguwa gwargwadon yadda aka yi sama. Jimlar gaskiya ce, kuma duk wanda ya rubuta ta a takardar jarrabawa zai sami makinsa. Amma da zarar an ce da ɗalibin ya faɗi dalili, sai magana ta rikice. Wani ya ce ƙarfin da duniya ke fizgo abubuwa da shi ne ya yi rauni a can bisa. Wani ya ce oksijin ce ta ƙare. Wani kuma ya ɗora wa sanyi laifin. Babu ɗaya daga cikin amsoshin nan da ta dace, kuma ba yaran za a zarga ba, domin an miƙa musu sakamako ne ba tare da an nuna musu hanyar da aka bi aka kai gare shi ba. Wannan darasi yana cikin waɗanda bai kamata a bar su ga hadda ba. Dalilinsa mai sauƙin fahimta ne, kayan gwada shi suna cikin kowane gida, kuma rashin saninsa ya sha jawo asarar dukiya har da ta rayuka.

Iska Tana da Nauyi

Tushen maganar duka shi ne iska abu ce mai nauyi, ko da yake ido ba ya ganinta. Idan aka sami akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, to iskar da ke cikinsa a bakin teku ta kai wajen kilo 1.2. Ɗakin karatu mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6 da bisan mita 3 yana ɗauke da iskar da ta haura kilo 170, watau ta fi buhun siminti uku nauyi. Ɗalibai suna zaune cikinta kullum, amma da wuya a taɓa gaya musu haka.

To, iskar da ta lulluɓe duniya ta yi sama har nisan kilomita masu yawa, kuma dukkanta ƙasa ce ke ɗauke da ita. Abin da ake kira matsin iska shi ne nauyin dukan iskar da ke bisa wani wuri, tun daga nan har ƙarshen samaniya, idan aka raba shi da faɗin wurin. A bakin teku, kowane murabba'in santimita ɗaya, wanda bai wuce farcen yatsa ba, yana ɗauke da nauyin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Murabba'in mita ɗaya kuwa yana ɗauke da kusan tan 10. Masana yanayi suna auna wannan da milibar, kuma matsakaicinsa a bakin teku shi ne milibar 1,013.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai tambaya: in haka ne, me ya hana wannan nauyi ya murƙushe mutum? Amsa ita ce iska, kamar ruwa, tana matsawa ta kowace fuska daidai wa daida, daga sama, daga ƙasa, da daga gefe. Tafin hannun da aka shimfiɗa yana ɗauke da fiye da kilo 100 a bisansa, amma akwai irin wannan matsi a ƙarƙashinsa yana tallafe da shi. Haka kuma iskar da ke cikin huhu da ruwan da ke cikin jiki suna tokare na waje. Shi ya sa mutum ba ya jin kome sai ranar da matsin ciki da na waje suka saɓa, kamar yadda kunne ke toshewa a cikin jirgin sama.

Dalar Gyaɗa da Tarin Auduga

Da an fahimci wannan, rabin amsar ta samu. A tuna da dalar gyaɗa da aka san birnin Kano da ita a shekarun 1950 da 1960. Buhun da ke can ƙasa shi ke ɗauke da nauyin duk buhunan da aka jera a kansa. Wanda ke tsakiya yana ɗauke da na bisansa kaɗai, na ƙololuwa kuwa babu abin da ya danne shi. Haka iska take. Wanda ya hau tudu ya bar wani sashe na iskar a ƙarƙashinsa, saboda haka abin da ya rage a kansa ya ragu, matsi kuma ya ragu.

Sauran rabin amsar ita ce wadda aka fi tsallakewa a aji. Buhun gyaɗa ba ya motsewa sosai in an danne shi, amma iska tana motsewa. Tarin auduga a kasuwa ya fi dacewa da ita: ta ƙasa ta danƙare saboda nauyin ta sama, ta sama kuwa tana nan sako-sako. A 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsin da ke kan wata iska sau biyu, ba tare da zafinta ya sake ba, girmanta zai koma rabi. Ke nan iskar da ke kusa da ƙasa ta fi kauri, kuma mafi yawan nauyin iskar duniya a nan ƙasa ya taru.

Sakamakon haka, matsi ba ya raguwa da gudu ɗaya. A kusa da teku, hawan mita 8 kacal yana rage milibar ɗaya. A tsawon mita 5,500 matsin ya koma rabi. Da a ce raguwar tana tafiya bai ɗaya, da a mita 11,000 iska ta ƙare ƙaf. Amma abin da ake samu a can shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu, watau rabin rabi. In aka ƙara hawa kamar haka, sai a sami rabin wannan kuma. Edmond Halley ne ya fitar da wannan lissafi a 1686. Da iska ba ta motsewa, da kaurinta ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, da ta ƙare a wajen mita 8,400, kuma da ƙololuwar tsaunin Everest, mai tsawon mita 8,849, ta leƙo waje kamar tsibiri a cikin kogi. A zahiri kuwa akwai iska a kan Everest, sai dai matsinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na bakin teku ba.

Akwai sauran tambaya guda: tun da duniya tana fizgo iska, don me ba ta zubo gaba ɗaya ta kwanta a ƙasa ba? Dalili shi ne zafi. Ƙwayoyin iska ba sa tsayawa wuri ɗaya, suna gudu ta ko'ina da saurin da ya kai wajen mita 500 a daƙiƙa ɗaya, suna karo da juna suna watsuwa. Fizgar duniya tana jawo su ƙasa, gudunsu yana watsa su sama, kuma daidaituwar waɗannan biyu ce ta ba iska tsarin da aka bayyana.

Amsoshin Kuskure

Yanzu sai a koma ga amsoshin nan na ɗalibai. Ta farko ita ce raunin fizgar duniya. Gaskiya ne fizgar tana raguwa in aka yi nisa da tsakiyar duniya, amma daga tsakiyar zuwa doron ƙasa akwai wajen kilomita 6,370, saboda haka ƙarin kilomita 9 ba wani abin kirki ba ne. A kan Everest fizgar ba ta ragu da ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali matsin iska ya ragu da kashi biyu cikin uku. Ƙaramin abu irin wannan ba zai haifar da babban canji irin wancan ba.

Ta biyu ita ce ƙarewar oksijin. Kason oksijin a cikin iska kashi 21 cikin 100 ne a Legas, kuma kashi 21 ɗin ne a kan Everest. Abin da ya faru shi ne iskar gaba ɗayanta ta yi sako-sako, ta yadda kowane numfashi yake shigo da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin da ya saba shigowa da su, kuma babu isasshen matsin da zai tura oksijin daga huhu zuwa jini. Ƙarancin oksijin a jikin mai hawan dutse sakamakon raguwar matsi ne. Wanda ya ce shi ne sanadi ya juya magana.

Haka ma sanyi. Iskar da ta tashi sama tana tarar da ƙarancin matsi, sai ta buɗe, kuma buɗewar ce ke sanyaya ta. Bisa matsakaicin lissafi zafi yana raguwa da digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa Jos da Gembu suka fi Lafiya da Jalingo sanyi. A nan ma an ɗauki ɗa an mai da shi uba.

Yadda Aka Gano Gaskiyar

Tarihin wannan ilmi shi kansa hujja ce a kan hadda. Shekaru kusan dubu biyu malaman Turai suna maimaita ra'ayin Aristotil cewa halitta ba ta yarda a bar wani gurbi wayam babu kome a cikinsa, kuma wai shi ya sa ruwa ke bin bututu in an zuƙe iskar ciki. Masu aikin famfo a Italiya kuwa sun daɗe da sanin cewa famfon zuƙa ba ya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10, kome kyawunsa. Galileo ya ambaci wannan a littafinsa na 1638, amma bai gano ainihin dalilin ba.

Almajirinsa Evangelista Torricelli ne ya yi tunanin cewa nauyin iskar waje ne ke tura ruwan sama. In haka ne, zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sau 13.6, za ta tsaya a tsawon da ya gaza na ruwa sau 13.6. Aka cika bututun gilashi da zaiba, aka kifa shi cikin kwano, sai ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76, daidai da lissafi. A wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa Michelangelo Ricci a 1644, Torricelli ya kwatanta mutane da masu zama a ƙarƙashin wani teku na iska. Wannan bututu shi ne ma'aunin matsin iska na farko, wanda ake kira baromita.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, sai da Blaise Pascal na Faransa ya kawo gwajin da zai raba ta. Ya ce in ƙin gurbi ne ke riƙe da zaiba, to ba zai bambanta tsakanin gindin dutse da kansa ba. In kuwa nauyin iska ne, lalle zaiba ta sauka a kan dutse. Ya rubuta wa mijin yayarsa, Florin Périer, wanda ke zaune a Clermont kusa da dutsen Puy de Dôme. Ranar 19 ga Satumba 1648 Périer ya cika bututu biyu a gaban shaidu, ya tabbatar tsawon zaiba ɗaya ne a cikinsu, wajen milimita 711. Ya bar ɗaya a ƙasa a hannun wani fada wanda zai riƙa dubawa duk yini, ya hau da ɗayan wajen mita 1,000. A ƙololuwa zaiba ta tsaya a wajen milimita 627. Ya maimaita awon sau da dama a can sama, ya sake aunawa a tsakiyar hanya ya sami abin da ke tsakanin biyun, ya sauko ya tarar na ƙasa bai motsa ba.

Abin lura a nan shi ne bututun da aka bari a ƙasa. Ba don shi ba, da mai gardama ya ce yanayi ne ya sake a ranar. Ɗalibin da aka ba wannan labari ya koyi yadda ake tsara gwaji, ya koyi faɗin abin da ake tsammani kafin a auna, ya kuma ga yadda ma'auni ke yanke hukunci tsakanin manyan malamai. Wanda aka ba jimla ɗaya ya haddace duk ya rasa waɗannan.

Ina Amfaninsa ga Mutumin Fili?

Wani zai ce yawancin ƙasar Hausa fili ce, ina ruwan ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da matsin iska a kan tsaunuka? Da fari dai, tuddan ba su da nisa. Kano tana wajen mita 480 sama da teku, Jos wajen mita 1,200, tsaunin Mambila wajen mita 1,600. Chappal Waddi a Jihar Taraba ya kai mita 2,419, duwatsun Bagzan a yankin Agadas sun kai mita 2,022, dutsen Kamaru kuma ya haura mita 4,000. A Jos matsin iska wajen milibar 880 ne, ruwa kuma yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, domin kowace mita 300 tana rage kusan digiri ɗaya. Ruwan da ya tafasa da ƙarancin zafi ya fi daɗewa kafin ya dafa wake.

Na biyu, matsalar masu famfon Italiya tana nan a fadamu. Injin ban ruwa da manomin rani ke ajiyewa a bakin rijiya aikinsa shi ne rage matsin da ke cikin tiyo, iskar waje kuma ita ke turo ruwan sama. Iyakar abin da za ta iya a bakin teku mita 10.3 ne a lissafi, a aikace kuwa ba ya wuce mita 7 zuwa 8, a kan tudu kamar Jos ma ya gaza haka. Idan ruwan rijiya ya yi ƙasa da wannan a ƙarshen rani, manomin da bai sani ba zai sayi babban inji, kuɗinsa su tafi a banza. Wanda ya sani zai haƙa rami ya sauke injin kusa da ruwa, ko ya nemi irin wanda ake zurawa cikin rijiyar ya riƙa turo ruwan daga ƙasa.

Na uku, akwai lafiya. Jirgin da ke kai alhazai Jidda yana tafiya a tsawon mita 10,000 zuwa 12,000, inda mutum zai suma cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka in babu kariya. Don haka ake cusa iska a cikin jirgin har matsinta ya yi daidai da na tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400. A watan Agusta 2005 wani jirgin kamfanin Helios ya tashi daga Kubrus ba tare da na'urar cusa iskar tana kan aikinta ba. Matuƙan suka fita hayyacinsu, jirgin ya faɗi a Girka, mutum 121 suka mutu. Tun a 1875 aka ga irin wannan a Faransa, sa'ad da mutum uku suka tashi cikin wani babban balan-balan mai suna Zénith suka kai wajen mita 8,000. Suna da oksijin a jakunkuna, amma jikinsu ya mutu kafin su kai hannu gare ta, mutum ɗaya ne ya sauko da rai. Haɗarin ƙarancin matsi shi ne yana fara taɓa hankalin da zai gane haɗarin. Bugu da ƙari, ƙarancin oksijin a jini yana tayar da ciwon amosanin jini, wato sikila, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Ya kamata mai sikila ya nemi shawarar likita kafin ya nufi tsauni mai bisa ko ya yi doguwar tafiya a jirgi.

Uzurin Malamai

Malamai suna da uzuri guda biyu, kuma ba na banza ba ne. Na farko, makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji mai kaya. Na biyu, manhaja tana da tsawo, lokaci kaɗan ne, jarrabawar WAEC da NECO kuma ba ta jira.

Game da na farko, wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji, zaiba ma guba ce, bai kamata a kawo ta gaban yara ba. Kofi cike da ruwa, a rufe bakinsa da ɗan kwali a kifa shi, ruwan ba zai zube ba. Galan na ƙarfe wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba, a tafasa ɗan ruwa a ciki, a sauke shi daga wuta, a toshe, a zuba masa ruwan sanyi, zai lanƙwashe a gaban aji kamar an taka shi. Gorar roba da aka sha ruwanta, a ɗaure murfinta tam a Jos a gangara Hawan Kibo da ita, za a iske ta motse, in aka komo da ita sama ta miƙe. Wayoyin hannu da yawa a yau suna da ma'aunin matsin iska a cikinsu, kuma hawan bene mai hawa uku ya isa ya rage milibar ɗaya. Ajin da ya hau Dutsen Dala a Kano ko Kufena a Zariya da waya ɗaya, ya bar ɗaya a ƙasa, ya maimaita aikin Périer ke nan. A nan ne kuma malami zai bayyana abin da ya sa rahoton yanayi ke ba Jos milibar dubu da 'yan kai alhali ma'auni yana nuna 880: masana yanayi suna mayar da kowane awo ga matakin teku don a iya kwatanta gari da gari.

Game da na biyu, darasi guda na minti 40 da aka kashe a kan dalili yana rage wahala a wurare da yawa na manhaja. Ɗalibin da ya gane tarin auduga ba sai ya haddace dokar Boyle dabam, tafasar ruwa dabam, aikin famfo dabam, sanyin tuddai dabam ba, domin zai ga duk reshen itace ɗaya ne. Kuma in mai jarrabawa ya juya tambaya ta wata fuska, mai hadda ne ke faɗuwa.

Kammalawa

Abin da ake nema daga malamin kimiyya ba shi da yawa. Kafin ya rubuta jimlar nan a allo, ya sa ɗalibai su lissafa nauyin iskar ɗakinsu. Ya kifa kofi a gabansu. Ya tambaye su abin da suke tsammani zai faru da gora in an sauko da ita daga tudu, ya bar su su yi gardama, sa'an nan a gwada. In bayanin ya fi shiga da Hausa, ya yi shi da Hausa, daga baya ya ba su kalmomin Turancin da za su tarar a jarrabawa. Su kuma ɗalibai, duk lokacin da aka ba su wata doka ta kimiyya, su tambayi dalilinta da yadda aka yi aka sani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan darasi kuɗin ganin bai wuce na kofi da kwali da gorar ruwa ba.